Idan Abokin Zamanka Ya Zama Abin Tsoro: Tambayoyi da Amsoshi Kan Barin Gidan Haya

Masu iya magana sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Duk wanda ya taɓa haɗa haya da wani ya san gaskiyar wannan: wane ya bar kwanuka babu wanki, wane ya ƙure sauti da tsakar dare, wane bai kawo kasonsa na kuɗin wuta ba. Irin wannan saɓani ana yinsa a shirya. Maganarmu a nan ta shafi ranar da gabanka ya fara faɗuwa da ka ji motsin makulli a ƙofa. Abu guda zai yi ta dawowa a amsoshin nan: fitar da jikinka daga gidan daban, fitar da sunanka daga takardar haya daban. Ta farkon ba ta jira, ta biyun kuwa sai an bi ta a hankali. Dokar haya takan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha, don haka misalan da za mu kawo na nuna hanya ne, hukuncin inda kake zaune sai ka ji shi daga bakin lauya ko ofishin ba 'yan haya shawara.

Ta yaya zan gane abin ya wuce saɓanin zaman tare?

Ka dubi abin da ka sauya a rayuwarka saboda shi. Kana daɗewa a wurin aiki ba don aiki ba. Kana tsayawa a bakin ƙofa ka kasa kunne kafin ka shiga. Ka daina fitowa ban ɗaki da daddare, ko ka koma jingina kujera a bayan ƙofar ɗakinka kafin ka kwanta. Mutum ba ya yin haka don an bar masa kwano babu wanki.

Sannan ka dubi abin da shi yake yi: barazana, ko da cikin raha ce, naushin bango, fasa kaya, tsayawa a ƙofa ya hana ka fita, shiga ɗakinka ba ka nan, taɓa jiki ko maganar batsa bayan an ce masa ya daina, ɗaukar hoto a ɓoye, fito da wuƙa ko wani makami a tsakiyar gardama, cutar da dabbar da kake kiwo, kawo baƙin da ba ka sani ba su kwana suna shaye-shaye. Akwai kuma haɗarin da babu mugun nufi a cikinsa amma yana kisa, kamar wanda kullum yake barin gas a buɗe don maye, ko yake kunna janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki. Iska mai guba da ke fita daga janareto da gawayi ba ta da wari ba ta da launi, mutum yakan yi barci ne kawai bai farka ba.

Guda ɗaya na ware shi daban: shaƙewa. Idan ya taɓa sa hannu a wuyanki, ko sau ɗaya ne, ko babu tabo, lokacin zama ya ƙare. Matse jijiyoyin wuya na iya sumar da mutum cikin sakan goma, kuma kumburin maƙogwaro kan iya tasowa bayan sa'o'i. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 a kan matan da abokan rayuwarsu ke cin zarafinsu ya gano cewa wadda aka taɓa shaƙewa, haɗarin a kashe ta daga baya ya ninka kusan sau bakwai. Ingila ma a 2022 ta mayar da shaƙewa laifi mai zaman kansa. Ki je asibiti a ranar, musamman in murya ta dishe ko haɗiya ta yi wuya.

Bai taɓa taɓa ni ba. Ko dai ni ce nake kambama abin?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sai an doke ki ba kafin ki sami dalilin tashi, kuma ba kotu kike ba balle a ce ki kawo shaidu. Yawancin masu yin wannan tambayar sun riga sun san amsar, abin da suke nema wani ya ce musu ba su haukace ba. To, ba ki haukace ba.

Yau da daddare abin ya ɓaci. Me zan yi yanzun nan?

Ka fita. Waya, makulli, katin shaida da magani in suna kusa, sauran su jira. Ka nufi inda mutane suke, ka kira lambar gaggawa: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai da Najeriya, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada. Idan ya tsaya tsakaninka da ƙofar waje, ka shiga ɗakin da ke da sakata da taga. Kada ka shiga kicin, nan wuƙaƙe suke, kada kuma ka shiga ban ɗakin da ba shi da mafita. Wannan ba lokacin nuna masa kuskurensa ba ne. In cewa "to, na ji" zai buɗe maka hanya, ka faɗa ka wuce.

In warin gas ka ji, kada ka taɓa makunnin wuta, kunnawa ko kashewa, kada ka ƙyasta ashana. Ka buɗe ƙofa, ka fita, ka yi kiran daga waje.

In gaya masa zan tashi, ko in yi shiru?

Da abokin zama na kirki, ladabi ne ka sanar tun da wuri don ya nemi wanda zai maye gurbinka. Da wanda kake tsoro, wannan ladabin zai iya jawo maka rauni. Masu aikin taimakon waɗanda ake cin zarafinsu sun daɗe suna gargaɗi cewa lokacin rabuwa na daga cikin lokuta mafi haɗari, domin a nan ne mai juya ka yake ganin igiyar tana zamewa daga hannunsa. Sanarwar da doka ta ɗora maka ta mai gida ce. Shi abokin zaman, saƙon waya bayan ka isa inda za ka ya wadatar: "Na tashi daga gidan yau. Maganar haya da kuɗin wuta mu yi ta a rubuce." Kada ka jero dalilai, kowane dalili ƙofar gardama ne.

Sunana yana kan takardar haya. Idan na kwashe kayana, shi ke nan na rabu da biya?

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Kwashe kaya ba ya goge sa hannu. Ka ɗauko takardar ka duba wace iri ce.

Idan kowa da takardarsa, wato kai ka kama ɗakinka shi ya kama nasa, kowa ya sa hannu da mai gida daban, lamarinka da sauƙi. Naka kawai ke wuyanka. Ka duba tsawon notis ɗin da aka rubuta, da ko akwai sharaɗin katse haya kafin wa'adi.

Idan kuwa takarda ɗaya ce da sunayenku duka, a ƙasashe da yawa doka tana ɗaukarku tamkar mutum ɗaya. Mai gida na da damar neman cikakken kuɗin hayar daga hannun kowannenku, har da kason wanda ya ƙi biya. Ke nan ka tashi a watan uku, shi ya daina biya a watan biyar, ya kuma fasa ƙofa a watan shida, takardar bin bashi ta zo da sunanka kana can kana zaton an wuce wurin. Mai gida kuma yakan bi wanda ya fi sauƙin samu ne, mai aikin yi da adireshi, kuma sau da yawa mai hankalin cikinsu ke nan. In akwai wanda ya tsaya maka lokacin kama hayar, iyaye ko wani ɗan'uwa, shi ma abin zai iya kaiwa kansa.

Hanyoyin zare sunanka ba su da yawa. Ko mai gida ya yarda a rubuce ya sallame ka daga wata rana. Ko a kawo wani ya maye gurbinka, a sabunta takarda da sunansa. Ko ka yi amfani da sharaɗin katsewa in akwai shi. Ko wa'adin ya cika ka ba da notis cewa ba za ka sabunta ba. Ka lura da bambanci tsakanin a maye gurbinka da ka ba wani hayar ɗakinka a ƙarƙashin sunanka: a na biyun har yanzu kai ne a wuya in ya ƙi biya.

Hayar da ake sabuntawa wata-wata tana da nata hukunci. A Ingila, tun wani hukunci da babbar kotun ƙasar ta wancan lokaci ta yanke a 1991, notis ɗin mutum ɗaya daga cikin masu hayar haɗin gwiwa irin wannan yana kawo ƙarshen hayar ga kowa da kowa. Mafita ce mai ƙarfi, amma in akwai mutum na uku a gidan da bai ji ba bai gani ba, shi ma zai rasa matsuguni. Ka san abin da notis ɗinka zai rusa kafin ka aika shi.

Akwai dokar da ke ba mutum damar katse haya saboda tsaron ransa?

A wasu wurare akwai. A jihar Kaliforniya, wanda aka yi wa cin zarafi na cikin gida, ko fyaɗe, ko bibiya, ko wani laifin da aka yi amfani da ƙarfi ko makami, yana iya ba mai gida notis tare da hujja, kamar rahoton 'yan sanda ko umarnin kotu, kuma hayar kwana 14 kawai za a bi shi bayan notis ɗin. A lardin Ontariyo na Kanada, tun 2016 notis ɗin kwana 28 ne. Sai dai ka karanta da kyau wa dokar ta rufe. Da yawa daga irin waɗannan dokoki an rubuta su ne da miji da mata, ko masoya, ko dangi a zuciya. Wanda kuka haɗu don raba kuɗin haya kawai wani lokaci ba ya shiga ciki, sai in laifin na lalata ne ko bibiya. Wannan ita ce tambayar farko da za ka yi wa mai ba ka shawara.

Sunana ba ya kan takarda, shi nake ba kuɗi a hannu.

To fitarka ta fi sauƙi, amma ƙafarka ta fi rauni. Mai gida ba shi da abin da zai bi ka, shi kuma wanda kake tsoron shi ne mai gidanka a aikace, kuɗin ajiyarka ma, wato wanda ka bayar lokacin kama ɗaki ko da za a yi ɓarna, yana aljihunsa. Ka tattara duk abin da ke nuna ka biya: rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, saƙon da ya ce "na gani". Ka fitar da kayanka masu daraja da wuri, don ranar da ya gane za ka tafi yana iya sauya kwaɗo.

Me zan ce wa mai gida?

Gaskiya, a taƙaice, a rubuce. Ranar kaza abu kaza ya faru, ga lambar rahoton 'yan sanda in akwai, ba zan iya ci gaba da kwana a gidan ba, ina roƙon a sallame ni daga yarjejeniyar daga ranar kaza. Ka ƙara da cewa kada a ba kowa sabon adireshinka. Mai gida ɗan kasuwa ne, abin da ke gabansa kada ɗaki ya zauna babu kuɗi kuma kada gidansa ya zama wurin zuwan 'yan sanda. In ka zo masa da mafita, kamar hayar wata guda ta sallama ko taimakon neman sabon ɗan haya, ya fi saurin sauraronka. In ya amsa ta waya, "ba komai, je ka kawai", ka gode masa, sannan ka tura saƙo: "Kamar yadda muka yi magana yau, kun sallame ni daga ranar kaza, don Allah a tabbatar mini." Maganar baka iska ce. Haka in dillali ne a tsakani, ka tabbatar yana da ikon sallamar, ko mai gidan da kansa ya sa hannu.

Me ya sa ni zan fita? Ba shi ya kamata a kora ba? Zan iya sauya kwaɗo?

Zafin wannan tambayar gaskiya ne, kuma ba adalci ba ne mai laifi ya gaji ɗaki. Amma korar ɗan haya aiki ne na mai gida da kotu, yana cin makonni ko watanni, kuma duk tsawon lokacin bango ɗaya ne tsakaninku, ya kuma san wanda ya kai ƙararsa. In sunansa yana kan takarda, kulle shi a waje ko watso masa kaya zai iya mayar da kai mai laifi. Abin da ke iya fitar da shi da sauri umarnin kariya ne daga kotu. Ingila tana da dokar hana tsangwama ta 1997, Najeriya tana da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 wadda ta tanadi irin wannan umarni, jihohin Amurka kuma kowace da tata. Ko ka samu, takarda ce, ba ta tare ƙofa. Ka nema, amma ka nema daga inda kake kwana lafiya. Sakata a ƙofar ɗakinka kuwa, ka sa ta yau, ka sanar da mai gida.

Wace hujja zan tara?

Littafi ƙarami ko saƙon imel da kake tura wa kanka: rana, lokaci, abin da ya faɗa da kalmominsa, wa ya gani. Hoton ƙofar da ya fasa, hoton rauni a ranar da kuma bayan kwana biyu, don shatin duka yakan fi fitowa daga baya. Saƙonnin WhatsApp ka ɗauki hotonsu da ka gani, mai saƙo na iya goge su daga wayarka. Ka ajiye kwafi a wajen gidan, wurin wanda ka yarda da shi. Naɗar murya a ɓoye kuwa ka yi hattara, a wasu wurare, ciki har da Kaliforniya, doka na bukatar yardar kowa kafin a naɗi zancen sirri. In kyamarar ɓoye ka gano a ɗakinka ko ban ɗaki, ka ɗauki hotonta a inda take, kada ka cire, ka kira 'yan sanda.

Yaya zan yi ranar kwashe kaya?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardu ne farko, tun kafin ranar: fasfo, katin shaida, takardun makaranta, katin banki, kwafin yarjejeniyar haya. Su fita kaɗan-kaɗan a jakar da ka saba fita da ita. Ka zaɓi lokacin da ka san ba ya gida, kada kuma ka je kai kaɗai. A wurare da dama 'yan sanda kan raka mutum ya ɗebi kayansa in ya nema tun da wuri.

Na taɓa taya wata 'yar'uwa irin wannan kwasar. Mu uku ne, da mota ɗaya, da sa'a biyu kafin abokiyar zamanta ta dawo daga aiki. Mun bar mutum ɗaya a bakin ƙofar waje da waya a hannu. Sai ga ta ta tsaya a kicin tana ta juya wata tukunya, wai ta rasa ko tata ce ko sun haɗa kuɗi sun saya. Hannunta na rawa, minti biyar suka tafi a kan tukunya. Na karɓe na ajiye, na ce mata duk abin da ake kokwanto a kansa a bar shi. Har yau ina kan wannan ra'ayin: ɗaukar abin da ba ka tabbatar naka ba ne yana ba shi dalilin kiranka, ko ma kai ƙarar sata. Kafin mu fita ta ɗauki bidiyon ɗakin babu kaya, bango, taga, ƙasa, da lambar mita, muka kai wa mai gida makulli ya sa hannu ya karɓa.

Kuɗin ajiyata fa?

In takarda ɗaya ce, sau da yawa mai gida ba ya sakin kuɗin ajiya sai hayar ta ƙare gaba ɗaya, kuma ɓarnar da wancan ya yi daga cikinsa za a cire. Hanya mafi sauƙi, wanda zai maye gurbinka ya ba ka kasonka, a rubuta. A Ingila tun 2007 mafi yawan masu gida dole su saka kuɗin a ƙarƙashin kariyar wata hukuma da gwamnati ta amince da ita, wadda ke raba gardama kyauta. A Kaliforniya kwana 21 mai gida ke da shi ya mayar ko ya bayyana abin da ya cire. Inda ya ƙi, akwai kotun ƙananan basussuka. Amma kada ka ƙara ko kwana ɗaya a gidan don gadin wannan kuɗin, ana bin sa daga nesa.

Wuta, ruwa da intanet da sunana suke.

Ka sanar da kamfanonin ranar tashinka, ka ba su lambar mita, ka nemi a rufe asusun ko a mayar da shi sunan wanda ya rage. Kada ka sa a yanke wuta ba sanarwa don huce haushi, zai iya zama hujja a kanka. Ka sauya kalmomin sirri na imel, banki da shafukan sada zumunta. Ka duba na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinka, ka kashe nuna inda kake a Google Maps da makamantansu. Ka lalube jaka da mota ko an jefa ƙaramar na'urar bibiya irin AirTag. Wayoyin iPhone da Android na yanzu suna yin gargaɗi in irinta tana bin ka, kada ka share gargaɗin.

Ba ni da kuɗin sabuwar haya, ba ni da wurin zuwa.

Wurin kwana na mako guda kake bukata yanzu, gida na dindindin zai zo daga baya. Tabarmar aboki, ɗakin ɗan'uwa, ofishin kula da ɗalibai in kai ɗalibi ne, ƙungiyoyin da ke da mafakar gaggawa. Kunya ce ke hana mutane tambaya, sai ka ga mutum yana kwana da kujera a bayan ƙofa alhali yayarsa tana da ɗaki a rufe. Ka faɗa wa mutum biyu gaskiyar abin da ke faruwa, da bakinka, ba da habaici ba.

Ina tausayinsa. Ba shi da lafiya, ya ma ce in na tafi zai kashe kansa.

Tausayi ba laifi ba ne. Mafi yawan masu fama da larurar ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa, don haka ba sunan ciwo ake gudu ba, abin da aka aikata ake dubawa. Maganar kashe kai ka ɗauke ta da gaske: ka sanar da danginsa, ka kira masu agajin gaggawa. Wannan shi ne taimakon da ke hannunka. Zamanka a gidan ba magani ba ne, kai kuma ba likitansa ba ne.

In na samo wanda zai maye gurbina, in gaya masa dalilin tashina?

Ka gaya masa. Tura bawan Allah cikin ramin da ka fito daga ciki don ka karɓi kuɗin ajiyarka abu ne da zai daɗe yana damunka. Ka faɗi abin da ka gani da idonka kawai, ban da jita-jita, ban da wallafa sunansa a intanet, don ƙarar ɓata suna ba wasa ba ce. In faɗin gaskiya ya kori kowa, ka bar wa mai gida neman ɗan haya.

Na tashi, amma yana ta kira da turo saƙo.

Saƙo ɗaya, sau ɗaya: "Kada ka sake tuntuɓata. Maganar gida ka yi ta da mai gida." Daga nan shiru. In ka amsa a kira na talatin, ka koya masa cewa kira talatin ne kuɗin jin muryarka. Wasu sun fi son su kashe ƙarar saƙonninsa maimakon toshe lambar, don hujja ta ci gaba da taruwa kuma su san in zafinsa ya ƙaru. Ka gaya wa abokan da kuka haɗa kada su ba shi adireshinka, ka nuna wa mai gadin wurin aikinka hotonsa, ka ɗan sauya hanya da lokacin fitarka na wasu makonni. In ya bayyana a ƙofar sabon gidanka ko wurin aiki, kada ka fito don ku yi magana. Ka rubuta rana da lokaci, ka kira 'yan sanda, ka ba su lambar rahoton farko don su haɗa da wannan.